Muhawara: Wuta ce ta sa aka hukunta ɗan sandan da ya kashe George Floyd, ko kuwa shaidu?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata takarda da nake so mu duba tare, domin a duk labarin George Floyd ita ta fi tsaya mini a rai, fiye ma da bidiyon. Ita ce sanarwar farko da rundunar 'yan sandan birnin Minneapolis na Amurka ta fitar bayan mutuwarsa ranar 25 ga Mayun 2020. Cewa suka yi an kira su kan wani da ake zargi da jabun kuɗi, ya yi musu gardama, suka sa masa ankwa, sai suka lura kamar ba shi da lafiya, suka kira motar asibiti, ya cika a can. Har da ƙarin cewa ba a yi amfani da makami ba. Ko sau ɗaya ba a ambaci gwiwa ba. Ba a faɗi cewa mutumin yana kife a kan kwalta, hannuwansa ɗaure ta baya, ɗan sanda Derek Chauvin ya danne masa wuya minti 9 da daƙiƙa 29 ba. Ba a faɗi cewa ya ce ba ya iya numfashi fiye da sau 20, yana kiran mahaifiyarsa da ta riga ta rasu ba.

Da a kan wannan takarda za a rufe magana, ba don Darnella Frazier ba, yarinya 'yar shekara 17 da ta rako ƙaramar 'yar uwarta shago, ta tsaya ta ɗauka da wayarta, ta ɗora a Facebook cikin daren. Washegari aka kori 'yan sandan su huɗu. Ranar 28 ga wata aka ƙone ofishin 'yan sanda na shiyya ta uku. Ranar 29 aka kama Chauvin. A Afrilun 2021 kotu ta same shi da laifin kisa, daga baya aka ba shi shekara 22 da rabi.

To me ya kawo hukuncin nan? Bidiyon ne, wutar ce, ko wani abu daban? Ina tambaya ne don sanarwa irin waccan ba baƙuwarmu ba ce.

Auwal Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Wutar ce, kuma ranakun da ka jero da kanka su ne hujjata. An ƙone ofis ranar 28, an kama shi ranar 29. Bidiyo kam ai akwai shi tun daren farko, me ya hana a kama shi ranar 26? Eric Garner ma a 2014 an ɗauki bidiyon shaƙe shi a New York, shi ma yana cewa ba ya iya numfashi, ko gaban kotu ba a kai ɗan sandan ba, sai a 2019 aka kore shi daga aiki kawai. A jihar Minnesota ma, inda Minneapolis take, ɗan sanda ya harbe Philando Castile cikin motarsa a 2016, budurwarsa na nuna wa duniya kai tsaye yana zubar da jini, 'yarta ƙarama na kujerar baya. A 2017 aka wanke wanda ya harbe shi. Hukuma ba ta jin kuka, asara take ji.

Hajiya Ladi:
Auwal ɗana, asarar wa? Ka faɗa mini dukiyar wa aka ƙona. Ni na san ɗacin abin nan. A zanga-zangar watan Agustan 2024 a nan Kano na rufe shagona da kwaɗo biyu na tafi gida. Da na dawo ƙofar tana ƙasa a lanƙwashe. Buhunan shinkafa, katan-katan na taliya, jarkokin mai, har sikelin da nake awo da shi. Littafin bashi na tsinta a cikin kwata ya jiƙe, rubutun ya narke, har yau ban san adadin kuɗin da nake bin mutane ba. Ni na tsawwala farashin abinci? Ni na harbi wani? Yaran da suka fito da yunwarsu ina tausayinsu, amma waɗanda suka fasa mini shago ba su taɓa gashin kan mai mulki ko ɗaya ba.

Habu Mai Tirela:
Hajiya gaskiyarki. Ni ina Amurka, babbar mota nake ja, kuma na kai kaya Minneapolis bayan abin ya lafa. Titin da ya fi ƙonewa, Lake Street, ba unguwar masu kuɗi ba ce. Shagunan Somaliyawa ne, da 'yan Meziko, da baƙaƙen fata 'yan ƙasa, masu gidan abinci, masu aski, masu sayar da atamfa da waya. Sai ka ga mutum ya rufe tagar shagonsa da katako ya rubuta da fenti cewa na baƙar fata ne, ko akwai yara a saman bene, don a ƙyale shi. Wasu an ƙyale su, wasu ba a ƙyale ba. Wurare kusan 1,500 aka lalata a Minneapolis da maƙwabcinsa birnin St. Paul, asarar ta kai wajen dala miliyan 500. Gidan waya ya ƙone, kantunan magani da na cefane sun rufe, tsofaffi marasa mota suka rasa inda za su sayi magani. Mutum biyu aƙalla sun mutu, ɗaya sai bayan makonni aka tono gawarsa a cikin ƙonannen shago.

Kuma Auwal, ba duk mai riƙe da ashana ne ya fito don Floyd ba. Akwai wani farar fata da ya taso tun daga Texas, ɗan wata ƙungiyar masu neman a yi yaƙin basasa, ya buɗe wa ofishin 'yan sandan wuta da bindiga, ya amsa laifinsa a kotu daga baya.

Auwal Fagge:
Hajiya Allah ya mayar miki da alheri, ban ce fasa shago daidai ne ba. Amma Yaya Habu, ka faɗa musu abin da 'yan sandan suka yi a ranakun nan ma, kada a ɗauka tsayawa suka yi suna kallo.

Habu Mai Tirela:
Zan faɗa. Barkonon tsohuwa da harsashin roba suka dinga yi wa mutane tun ranar farko, lokacin ba a ƙona komai ba. Wata mai ɗaukar hoto, Linda Tirado, ta rasa ido ɗaya. Wakilin CNN, Omar Jimenez, 'yan sandan jiha suka sa masa ankwa yana tsakiyar ba da rahoto, duniya na kallo. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na Jaleel Stallings, tsohon soja baƙar fata. Daren 30 ga Mayu wasu 'yan sanda suka shiga farar mota marar tambari, suna tafe a hankali suna harbin duk wanda suka gani a waje da harsashin roba, babu gargaɗi. Suka same shi a ƙirji. Shi kuma yana da bindiga da lasisinta, ya zaci 'yan ta'adda ne, ya mayar da harbi, bai sami kowa ba. Da ya gane 'yan sanda ne ya ajiye bindigar ya kwanta ruf da ciki. A kwancen suka yi ta dukansa da ƙafa da hannu har ƙashin gefen idonsa ya tsage. Sannan shi aka maka a kotu da laifin yunƙurin kisa. Abin da ya cece shi kyamarorin da ke maƙale a ƙirjinsu ne, da lauyansa ya sa aka kunna. A 2021 aka wanke shi, birni ya biya shi dala miliyan ɗaya da rabi, ɗaya daga cikin waɗanda suka doke shi ya amsa laifi a 2023.

Abban Hanifa:
Ka ga nan ma labarin farko daban, abin da kyamara ta nuna daban. Barista, muna jiran ki.

Barista Hauwa:
Ina biye da ku. Auwal, ba zan ce maka matsin lambar titi bai yi komai ba, ya gaggauta kamun. Amma kama mutum abu ɗaya ne, ɗaure shi wani abu ne daban, kuma tsakanin biyun ne yawancin shari'o'in 'yan sanda suke mutuwa. Bari in faɗi abin da nake ganin ya bambanta wannan.

Na farko, an sauya hannun da ke riƙe da ƙarar. Mai gabatar da ƙara na yanki kullum da 'yan sandan yankin yake aiki, su ne shaidunsa a kowace shari'a, da su yake cin ƙararrakinsa. Ka ce ya ɗaure su, ka sa shi saran reshen da yake zaune a kai. Gwamna Tim Walz ya miƙa shari'ar ga babban lauyan jiha, Keith Ellison, wanda wasunku za su tuna shi ne Musulmi na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Amurka a 2006. Ranar 3 ga Yuni ya ƙara nauyin tuhumar Chauvin, ya kuma haɗa da sauran ukun da ba a taɓa su ba.

Na biyu, inda aka yi shari'ar. Lauyan Chauvin ya nemi a ɗauke ta daga birnin, alƙali Peter Cahill ya ƙi. A can mutum 12 daga cikin jama'a ake zaɓa su saurari shari'a su ce akwai laifi ko babu. Na shari'ar Chauvin shida farare ne, huɗu baƙaƙe, biyu ruwa biyu. Ku kwatanta da na Rodney King. Shi ma akwai bidiyon 'yan sandan Los Angeles suna jibgarsa da kulki a Maris ɗin 1991. Aka ɗauke shari'ar zuwa Simi Valley, garin da kusan duk farare ne, babu baƙar fata ko ɗaya cikin masu yanke hukuncin. Ranar 29 ga Afrilun 1992 suka sallami 'yan sandan, gari ya kama da wuta kwana shida, mutum sama da 60 suka mutu. Can wutar bayan hukunci ta zo, kuma ba ta warware shi ba. Sai da gwamnatin tarayya ta shigar da tata ƙarar ta tauye haƙƙi, a 1993 aka ɗaure biyu daga cikin huɗun wata 30 kowannensu.

Na uku, kuma shi ne babba a wurina, 'yan sanda sun yi shaida a kan ɗan uwansu. Shugaban rundunar da kansa, Medaria Arradondo, ya hau akwatin shaida ya ce abin da Chauvin ya yi ba koyarwarsu ba ce, ba ƙa'idarsu ba ce. Matar da ke karɓar kiran gaggawa ta ce tana kallo ta kyamarar titi har ta ɗauka hoton ne ya tsaya, don ta ga an daɗe ba a motsa ba, ta kira sajan ta faɗa masa. Wata ma'aikaciyar kashe gobara da ta zo wucewa ta ce ta roƙe su su bar ta ta duba bugun jininsa suka hana. Lauyan Chauvin ya kafe cewa ƙwaya ce da ciwon zuciya suka kashe Floyd, kuma gaskiya an sami ƙwaya a jininsa. Sai likitan huhu, Martin Tobin, ya bi bidiyon daƙiƙa bayan daƙiƙa ya nuna yadda iska ta yanke masa. Ashana ba ta yin wannan aikin.

Baba Sufeto:
Salamu alaikum. Ni na ci kakin nan har na yi ritaya, don haka ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Chauvin ba ni da ta cewa a kansa. Mutumin da ka riga ka sa wa ankwa ya zama amana a hannunka, ko ɓarawo ne ko ɗan fashi. Abin da ya yi kisa ne.

Yaran nan biyu ne nake tunani. Thomas Lane da Alexander Kueng duka ba su cika mako guda da fara aiki a matsayin cikakkun 'yan sanda ba. Chauvin shekararsa 19 a aiki, har yana cikin masu horar da sababbi. Lane ya tambaya ko a juya mutumin ya kwanta ta gefe, Chauvin ya ce a'a. Kueng ya taɓa hannunsa ya ce bai ji bugun jini ba. Ku da ba ku taɓa tsayawa fareti ba, ba ku san me ake nufi kurtu ya ture na gaba da shi a gaban jama'a ba. Tun daga kwaleji abin da ake dasa maka shi ne ka bi umarni tukuna, ƙorafi daga baya. Sai ga shi an ɗaure su su ma.

Barista Hauwa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kotu ta duba wannan, shi ya sa Lane ya sami mafi sauƙi a shari'ar tarayya, shekara 2 da rabi, Kueng 3, Tou Thao da ya tsaya yana tare mutane 3 da rabi. Amma ka duba ta ɗaya ɓangaren. Rundunar tana da rubutacciyar doka tun kafin ranar cewa wajibi ne ɗan sanda ya hana abokin aikinsa wuce gona da iri. Dokar tana cikin littafi, babu wanda ya taɓa jin zafinta. In kurtu ya san shirunsa ba zai jawo masa komai ba, maganarsa kuma za ta jawo masa baƙin jini a bariki, shiru zai yi har abada. Ranar da ya san shirun na iya kai shi gidan yari, ka ba shi abin da zai faɗa wa ogansa ke nan: ranka ya daɗe ɗaga shi, ni ba zan tafi kurkuku ba.

Baba Sufeto:
'Yata, na ji wannan. Sai dai a haɗa da kare wanda ya yi maganar. Na ga yaro mai gaskiya da ya ƙi sa hannu a rahoton da ya san ƙarya ne. Ba a kore shi ba, ba a tuhume shi ba. Canjin wurin aiki kawai aka yi masa zuwa wani ƙauye da ko ruwan sha sai an yi tafiya, ƙarin girmansa ya tsaya cik. Duk sauran yaran sun ga abin da ya same shi, kuma sun ɗauki darasi.

Sannan ina da tambaya kan maganar launin fata. Kueng baƙar fata ne. Thao ɗan ƙabilar Hmong ne daga Asiya. Shugaban rundunar na lokacin baƙar fata ne. A Memphis a Janairun 2023, 'yan sanda biyar da suka yi wa Tyre Nichols dukan da ya kashe shi duk baƙaƙe ne. To wariya ce, ko dai kaki ne da rashin mai tsawatarwa?

Habu Mai Tirela:
Baba duka biyun ne. Kada ka kalli fatar mai kakin, kalli fatar wanda ake tarewa. Ma'aikatar shari'ar Amurka ta binciki rundunar Minneapolis ta fitar da rahoto a Yunin 2023. Ta ce in aka yi la'akari da yawan jama'a, ana tare baƙar fata fiye da farar fata ninki shida da ɗoriya, 'yan asalin ƙasar na tun kafin zuwan Turawa ma fiye da haka. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta jihar ta riga ta faɗi irin wannan a 2022. Ɗan sanda baƙi da ya shiga rundunar da aka koya mata wace unguwa ce ta masu laifi, shi ma abin da zai koya ke nan.

Ni in aka tare ni da dare, kafin ya iso na kashe mota, na kunna fitilar ciki, na sauke gilashi, na ɗora hannuwana biyu a kan sitiyari yatsu a buɗe. Lasisi da takardun mota suna saman gaban mota tun kafin in tashi, don kada in kai hannu aljihu. In zan ɗauko wani abu sai na faɗa masa da baki, na jira ya ce to. Abokan aikina farare da na ba su labari mamaki suka yi, su ba wanda ya taɓa koya musu haka. Ni kuwa wani dattijo baƙar fata ɗan ƙasar ne ya zaunar da ni ya koya mini, kamar yadda ya koya wa 'ya'yansa.

Ina faɗin wannan ne don wasu 'yan uwanmu in sun zo sai su riƙa cewa matsalar ta baƙaƙen Amurka ce, mu baƙi masu ladabi ba ruwanmu. Amadou Diallo ɗan Gini ne, ɗan tireda, ba shi da makami, a ƙofar gidansu a unguwar Bronx ta New York a Fabrairun 1999 ya ciro walat ɗinsa, 'yan sanda huɗu suka harba harsashi 41, 19 suka same shi. Allah ya jiƙansa. Shari'arsa ma ɗauke ta aka yi zuwa wani gari, Albany, aka sallame su duka. Ba wanda ya tambaye shi daga ina ya zo.

Abban Hanifa:
Akwai kuma abin da Somaliyawan Minneapolis ba su manta ba. A 2017 ɗan sanda Mohamed Noor, ɗan asalin Somaliya, ya harbe wata farar fata 'yar Ostireliya, Justine Damond, wadda ita ce ma ta kira 'yan sanda. An ɗaure shi a 2019, birni ya biya danginta dala miliyan 20. Ya yi laifi, ya cancanci hukunci. Amma mutane sun lura cewa shi aka fara ɗaurewa, shekara biyu bayan an wanke wanda ya kashe Castile.

Ɗan Maradi:
Ina gaishe ku daga Faransa. Malam Abban Hanifa, takardar da ka fara da ita mun ga irinta a nan. Ranar 27 ga Yunin 2023 a Nanterre, gefen Paris, ɗan sanda ya harbe Nahel, yaro ɗan shekara 17 mai tushen Arewacin Afirka. Labarin farko shi ne ya nufo su da mota zai take su. Sai bidiyo ya fito, ga su tsaye a gefen motar, ɗaya ya saita bindiga ta taga, motar na motsawa ya harba. Dare da dare unguwanni suna ci, makarantu da ofisoshin magajin gari da motocin safa, yawanci a unguwannin talakawan da kansu. Kuma a nan hukuma ba ta ƙidayar mutane da launin fata, don haka irin lissafin da Habu ya kawo wuya gare shi.

Auwal Fagge:
To ku dawo gida. Wata biyar bayan Floyd aka yi EndSARS. Babu farar fata ko ɗaya a ciki. An rusa SARS ranar 11 ga Oktoban 2020, kwana biyu aka sanar da sabuwar runduna, SWAT, a madadinta. Ranar 20 aka yi harbin Lekki. Kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi ya zauna shekara guda, ya ce an kashe mutane, gwamnatin Legas ta ƙi karɓar wannan ɓangaren. A zanga-zangar Agustan 2024 kuwa, Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24, 'yan sanda suka musanta. Waɗanda muka gani a kotu a Abuja ranar 1 ga Nuwamba yara ne da yunwa ta sa suna faɗuwa. Barista, ina namu Ellison ɗin?

Barista Hauwa:
Tambayar ke nan, Auwal. Dokoki muna da su. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ce umarnin na sama ba hujja ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, sashe na 7, ta haramta kama wani a madadin wani, wato a ɗauke uwa ko mata don ɗa ko miji ya gudu. Sashe na 34 ya ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sandan yankinsa duk wata, ya duba waɗanda ke tsare, yana iya ba da beli nan take. Inda muke maƙalewa shi ne wanda zai binciki ɗan sanda ɗan sanda ne, fayil ɗin a hannunsu yake. In ma ka ci ƙara an yanke maka diyya, kafin ka taɓa kuɗin hukuma a banki doka ta ce sai da amincewar antoni janar. Na san iyalan da ke riƙe da takardar hukunci shekara da shekaru ba su ga ko sisi ba.

Kuma mu 'yan Arewa mu tuna, lokacin EndSARS gwamnoninmu sun ce ba su goyi bayan rusa SARS gaba ɗaya ba, saboda 'yan bindiga. Mutane da yawa sun ɗauke ta rigimar Kudu. Da ma a wuraren da tarzoma ta ɓarke abin ya so ya koma faɗan ƙabila. Haka aka yi a Los Angeles a 1992, fushin da aka ɗauko kan 'yan sanda ya sauka a kan shagunan 'yan Koriya sama da dubu biyu, 'yan sanda kuma suka janye suka bar su. Talaka da talaka suka gwabza.

Hajiya Ladi:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne yaron shagon da Floyd ya sayi sigari. Na ji an ce ɗan shekara 19 ne lokacin da ya ba da shaida a kotu, kuma ƙa'idar shagon in ka karɓi jabu daga albashinka za a cire. Ya faɗa wa kotu yana jin da ma bai karɓi takardar dala 20 ɗin ba. Yaro na ɗauke da wannan nauyi, alhali shi bai danne wuyan kowa ba. Barista, diyyar da aka biya iyalan, daga aljihun wa ta fito?

Barista Hauwa:
Dala miliyan 27 ce Hajiya, a Maris ɗin 2021, kuma daga asusun birni ta fito, wato kuɗin jama'a, har da na masu shagunan da aka ƙone. Abin da ya fi wannan ciwo, an shigar da ƙorafi 18 a kan Chauvin kafin ranar, biyu kacal suka kai ga jan kunne. A 2017 ya bugi wani yaro ɗan shekara 14 da tocila, ya danne shi da gwiwa minti goma sha wani abu, uwar yaron na roƙonsa. Akwai bidiyon a kyamarar ƙirjinsu, yana ajiye a hannun rundunar shekara uku ba wanda ya ce uffan. Sai bayan mutuwar Floyd masu gabatar da ƙara suka tono shi, ya kuma amsa laifin a kotun tarayya.

Baba Sufeto:
Wannan na yaron ban taɓa ji ba. Duk ogan da ya kalli bidiyon nan ya sa hannu ya wuce, da shi aka kashe Floyd. A ofis kowa ya san mai zafin hannu, daga mai shara har DPO. Ba a rasa sani ba, ana lallaɓawa ne don yana kawo kamu.

Auwal Fagge:
Baba na gode da wannan gaskiyar. Amma ni dai har yanzu ina kan bakana kan ranar 28 da 29. Kuma ku duba abin da ya biyo baya da titi ya yi sanyi. Dokar gyaran aikin 'yan sanda mai sunan George Floyd ta wuce majalisar wakilai sau biyu, ta maƙale a majalisar dattawa. A Mayun 2025 gwamnatin Trump ta janye daga yarjejeniyar da za ta sa alƙalin tarayya ya sa ido kan rundunar Minneapolis.

Habu Mai Tirela:
Haka ne ƙanena, amma ka haɗa da wannan. A Nuwamban 2021 aka tambayi mutanen birnin ko a rusa rundunar a kafa wata hukuma a madadinta, kusan kashi 56 cikin ɗari suka ce a'a, kuma cikin masu a'ar akwai baƙaƙen fata da yawa na arewacin birnin, inda harbe-harbe ya ƙaru bayan ɗaruruwan 'yan sanda sun ajiye aiki. Suna son ɗan sanda ya zo in an kira shi, ba sa son ya kashe musu ɗa. Yarjejeniyar tarayya ta tafi, amma wadda birnin ya sa wa hannu da hukumar kare haƙƙi ta jiha a 2023 tana nan a gaban kotun jiha, da masu sa ido daga waje.

Hajiya Ladi:
Barista, wannan sashe na 34 ɗin, ki rubuto mana shi da Hausa yadda yake. Akwai maƙwabciyata da ɗanta ke tsare a ofishin 'yan sanda tun makon jiya ba a kai shi kotu ba, ina so in kai mata ta san ƙofar da za ta buga.

Barista Hauwa:
Zan rubuto shi yau da dare in sha Allah, tare da na dokar jihar Kano ta 2019, don ita ce za ta fi yi mata aiki. Kafin nan ki ce mata ta rubuta ranar da aka kama shi da lokacin, da sunan ofishin, da sunan mai binciken, kuma kada ta ba kowa kuɗin beli. Ki turo mini lambarta ta akwatin sirri.